Akwatin Malam Munzali

Kwaɗon da ke jikin akwatin bai kai ƙwan kaza girma ba, amma wata bakwai ke nan ya gagari Nazifa. Tana durƙushe a ƙofar ɗakin Baffa Dikko, ƙanen mahaifinta, idonta na can ƙarƙashin gado inda akwatin ƙarfen ke zaune kusa da tsohuwar komar kamun kifi.

"Baffa, saura wata ukku jarrabawa," ta ce. "Littafin kimiyya ɗai nika so. In na ƙare in maido."

"Mi nac ce miki wancan karon? Kayan mamaci na, ɗiyata. Ko allura ba a taɓawa sai an raba gado. So kike in shiga wuta don takarda?"

Ba mugu ba ne Baffa Dikko, tsoron Allah ne ya yi masa yawa a inda bai kamata ba. Marigayi Malam Munzali, mahaifin Nazifa, malamin sakandare a Argungu, shi kaɗai ne a zuri'ar masuntan nan yake sayen littafi, har 'yan'uwa na tsokanarsa wai takarda ya aura. Ranar sadakar bakwai aka tattara littattafansa aka kulle a akwatin. Rabon kuwa yana jiran babban wansu, Baffa Junaidu na Birnin Kebbi, wanda kullum sati mai zuwa zai zo.

* * *

A aji, da malami ya ce a duba shafi kaza a gida, sai Nazifa ta rasa inda za ta duba. A da ita ce ta ɗaya. Yanzu Kausar, wadda take koya wa lissafi bara, ta wuce ta da nisa, don a gidansu Kausar littafi ba ya jiran kowa. Tsoro take ji ƙwarai. Idan ta faɗi kimiyya, makarantar jinya ta tafi ke nan.

Ta roƙi mahaifiyarta ta sa baki. Laure ta girgiza kai.

"Ki yi haƙuri, Nazifa. In na yi magana, cewa za a yi idona na ga gado tun ƙasar kabari ba ta bushe ba."

Damina ta sauka, ƙasan ɗakin Baffa ya jiƙe, ya bushe, ya sake jiƙewa.

* * *

Saura kwana biyu jarrabawa Baffa Junaidu ya iso. Aka shimfiɗa tabarma, aka kira liman, aka jawo akwatin. Nazifa na bayan zana tana leƙe.

Murfin ya ɗagu da ƙyar. Ciki jar ƙasa ce cunkus. Gara ta shiga ta inda tsatsa ta huda gindin akwatin, ta yi daminar nan tana karatu.

"Kun dai shaida," in ji Baffa Dikko a hankali, "ko warƙar takarda guda ban taɓa ba."

Nazifa ta rarrafo ta tura hannu. Bango ɗaya ne ya fito, na littafin kimiyyar, babu komai a tsakiyarsa. A ciki, da jan biron mahaifinta, an rubuta: *Na ba Nazifa, don shekararta ta ƙarshe.*

Liman ya karɓa ya karanta, ya miƙa mata.

"Wanga ai ba ya cikin gado," ya ce. "Naki na tun farko."