Sunan Ɗan Fari

Da hantsi motar ta sauke su a bakin iyakar Ƙonni, mutum arba'in da aka koro daga Najeriya a shekarar 1985. Jandarma yana zaune a inuwar bishiyar bedi yana duba takardun shaida. Wanda katinsa ya yi kyau sai ya wuce gida.

Katin Isufu ya sha gumi shekara bakwai a aljihunsa yana aikin dako a Sakkwato. Sunan yana nan, amma hoton ya zama farin tabo.

"Wannan kowa na iya tsintar shi a hanya," in ji jandarman. "Wa ya san ka?"

"Innata na garin Bazaga, ranka ya daɗe."

"A kawo ta."

Bayan azahar aka kawo Larai a amalanken jaki. Tana hango Isufu ta kawar da kai. Ɗanta ne na fari, kuma a garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta san shi a gaban mutane. Shekara talatin ba ta taɓa furta sunan nan ba. Jandarman Bahaushe ne, ya san haka sarai.

"Tsohuwa, wannan ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ba wuya. Hwaɗi sunanshi, in ya yi daidai da na kati, ku tahi tare."

"Inna, ki hwaɗa mishi," Isufu ya ce. "Sau guda ɗai."

Ta dubi mutanen da suka taru. Har da matan garinsu biyu da suka zo kasuwa, sun tsaya suna kallo. Leɓenta ya motsa, sannan ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Akuya ma 'yar gidanku ce," in ji jandarman. Abokan aikinsa suka fashe da dariya.

Aka mai da Isufu cikin motar da za ta koma Najeriya da waɗanda ba a shaida ba. Bai yi gardama ba. Ya dai yi ta kallonta, ita kuwa idonta na ƙasa har ƙarar motar ta ɓace.

Jandarman ya miƙa mata katin.

"Riƙe, tsohuwa. Sunan na nan ciki, in kin manta."

Larai ba ta iya karatu ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle a bakin zanenta.