Ƙwarar Almon a Aljihun Bodil

A garinmu na masunta da ke gaɓar yammacin Denmark, mutum ba ya taka coci sai an yi haihuwa, ko an yi rasuwa, ko kuma ranar jajiberin Kirsimeti. A wannan rana kuwa har da masu tsayuwa a bakin ƙofa. Fasto ya hau ya faɗa musu cewa an haifi Almasihu a garken dabbobi, an kwantar da shi cikin komi don ba a samu masauki ba. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, kowa hankalinsa na kan agwagwar da ya bari a wuta. Haka suke kowace shekara, kuma ba sa jin kunya.

Tsohuwa Bodil ma ba ta ji wa'azin ba, amma ita da dalilinta. Tun rasuwar mijinta, a gidanta ake yin liyafar Kirsimeti. Bana kuwa matar ɗanta, Vibeke, ta kafa mata ƙahon zuƙa. Tun bazara take cusa wa mijinta Torben cewa hankalin mahaifiyarsa ya fara gushewa: ta bar famfo a buɗe, ta kira kare da sunan marigayi. A ƙarshe Torben ya ce a zuba ido a ga yadda liyafar bana za ta kaya. Bodil ta san abin da hakan ke nufi. Wadda aka karɓe wa Kirsimeti, gidanta za a karɓe gaba, daga nan sai gidan tsofaffi inda ake ba mutum abinci a niƙe, a kashe masa fitila kamar yaro.

Don haka ta ɗaura ɗamara. Agwagwa ta gasu ta yi ja, dankalin da aka soya cikin sukari yana ƙyalli, jan kabeji bai yi tsami ba. Su huɗu suka zauna: ita, da Torben, da Vibeke, da yayan Bodil, Ejnar, tsohon masunci wanda ba ya zuwa ko'ina sai inda ake ci.

"Bodil, kin kashe murhun kuwa?" in ji Vibeke cikin tattausar murya.

"Na kashe."

"Kin tabbata? Ba wai ina nufin wani abu ba."

"To je ki ɗora hannunki a kai ki ji."

Ejnar ya tuntsire da dariya har romo ya gangaro masa a gemu. Torben ya sunkuyar da kai cikin farantinsa, inda ya saba ɓuya tun ranar da ya yi aure.

Bayan nama, sai Bodil ta fito da babban kwanon gilashi cike da kunun shinkafa da madara mai sanyi, ga jan romon 'ya'yan itace mai ɗumi a gefe. A cikin kunun nan ake ɓoye ƙwarar almon guda, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, fara tas, wadda aka ɓare wa fata. Wanda ya tsinta a bakinsa shi ke da kyautar shekara, alawa mai siffar alade da jan zare a wuya. Manyan mutane masu gemu da furfura kan yi gaba da juna a kan wannan alade. Bodil dai ba ta ci. Dokarta ce tun tana amarya cewa mai girki ba ta shiga gasa, tunda ta san inda ta tura ƙwarar.

Ta zuba wa kowa, ta koma ta zauna tana jin daɗi, ta sa hannu a aljihun rigar girkinta don ta ɗauko hankici. Sai yatsunta suka ci karo da wani abu ƙarami, mai santsi, mai tsini a gefe guda.

Ƙwarar almon ce. Tun safe ta ɓare ta, ta jefa a aljihu don kada ta haɗu da sauran almon ɗin da za a daka a zuba cikin kunun. A aljihun ta wuni, har coci ta je da ita a ƙarƙashin kwat.

Ta dubi kwanon, yana tsakiyar tebur. Ta dubi Vibeke, tana dab da gwiwar hannunta, idanunta kamar na kyanwar da ta ji motsi a rami.

"Ba ta a nawa," in ji Ejnar, ya miƙo faranti. "Ƙara min, ƙanwata. Tono daga ƙasa, na san halinki."

Aka yi zubi na biyu. Aka yi na uku. Ejnar ya kwance maɓallin wandonsa, ya nuna Torben da cokali.

"Kai, ɗan nema, buɗe bakinka."

"Kawu, wallahi ba ta wurina."

"Ubanka ma haka yake rantsuwa, alhali tana ƙunshe a kumatunsa, yana kallonmu muna cin kunu har mu kasa tashi. Buɗe na gani!"

Torben, mutumin da ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa a birni, ya wangale baki kamar gaban likita. Babu komai sai shinkafa.

"To ko kai ka haɗiye, Ejnar?" in ji Vibeke. "Yadda kake zuba loma, ko ƙusa ce wucewa za ta yi."

"Yarinya, ni da nake tsince ƙayar kifi da harshe tun kafin a haifi uwarki?"

Vibeke ba ta ji haushi ba. Murmushi take yi, irin na wanda ya hango ƙarshen shari'a. Ƙasan kwanon ya fara bayyana, gilashi ne kuma, ba ya ɓoye komai. Abin da ya saura bai fi ludayi guda ba. Ta juyo a hankali.

"Bodil, ina tambaya ce kawai. Kin dai sa ta ko?"

Kyandir ɗin jikin bishiyar Kirsimeti na ta rawa. Bodil ta damƙe ƙwarar a aljihu har ta ji tsininta a tafin hannu.

Torben ya ajiye cokali. Idanunsa suka kawo ruwa, don mutum ne mai saurin kuka idan ya ƙoshi.

"Mama, kada ki damu. Tsufa ba laifi ba ne. Kuma ki sani, yau da na ji wa'azin nan na rashin masauki, zuciyata ta karye. Uwata ba za ta je gidan tsofaffi ba ina raye. Gidanmu za ki dawo. Ɗakin da Vibeke ke motsa jiki a ciki, shi za mu gyara miki, ga shi kusa da namu. Kawu ma ya riƙa zuwa duk Lahadi yana cin abinci, don kada ki yi kewa. Kirsimeti kuwa daga baɗi Vibeke ce za ta riƙa dafa mana."

"Madalla da ɗa!" in ji Ejnar. "Ni ko Asabar ma ba ni da abin yi."

A garin nan kaf mutum ɗaya ne ya saurari fasto, shi ma ga abin da ya jawo.

Murmushin Vibeke ya daskare. Ta dubi tulin tukwanen da ake hangowa ta ƙofar kicin. Ta dubi Ejnar yana sakace da farce. Ta dubi surukarta, wadda ke tashi tun kafin asuba ta kunna rediyo don jin labarin iskar teku. Sai ta miƙe zumbur.

"Romon ya huce. Bari in ɗumamo."

Tana juya baya, Bodil ta kai hankici baki kamar mai tari, ta tura ƙwarar cikin kumatu. Dabararta ita ce ta karya dokarta yau, ta ɗebi ludayin ƙarshe, ta ce ai ga ta nan. Gara a kira ta mai maguɗi da a kira ta mai mantuwa. Amma kafin ta miƙa hannu, Vibeke ta dawo da sauri, babu ma romon, ta fizge ludayin, ta kwashe ragowar tas a farantinta. Loma biyu ta yi, ta dafe baki.

"Na samu! Jama'a, ga ta! A can ƙasa ta maƙale!"

Ta ɗaga ta sama. Ejnar ya matso da fuska, ya ƙanƙance ido.

"Wannan ai da fatarta. Ja ce wur. Tun yaushe ake sa almon da riga a gidan nan?"

Vibeke ta yi fari fat. A gaggauce ta dumbuzo daga gwangwanin almon da ke kicin, ba ta tsaya ɓarewa ba. Ta dubi Bodil, Bodil ta dube ta. Kowacce ta san abin da ke hannun 'yar'uwarta, kuma duk wadda ta fasa ƙwai, tare za su kwana a gida ɗaya.

"Da gangan na bar ta," in ji Bodil, tana magana da gefen baki guda. "Don masu ɓoyewa a kumatu su ji kaushi."

"Haka ake yi yanzu a birni," Vibeke ta cafe. "Torben, ka ga mahaifiyarka? Ta ma fi mu sanin zamani. Mace mai irin wannan kaifin hankali za ka raba da gidanta? Haba, ka ji tsoron Allah."

"Amma ke ce kika ce famfo..."

"Famfon ne ya lalace. Sai ka turo mai gyara."

Torben ya sosa ƙeya, ya nemi gafarar uwarsa. Aka miƙa wa Vibeke aladen alawa, ta karɓa kamar an ba ta gawa. Ejnar ya yi ta gunaguni a kan Lahadinsa da ta salwanta.

Daga nan suka tashi, suka kama hannun juna, suka fara zagaya bishiya suna waƙar haihuwar Almasihu kamar yadda aka saba. Bodil kuwa ƙwarar na nan a kumatu. Haƙoran roba ba sa iya fasa ta, maƙogwaron tsufa ba ya iya haɗiye ta, hannuwanta biyu kuma duk a riƙe. Sai motsa leɓe take yi, ba sauti.

Torben ya leƙo ta bayan rassan bishiya, fuskarsa cike da tausayi.

"Mama, ko baitin ne ya kwance miki?"

"Tana yi!" Vibeke ta daka masa tsawa, ta ƙara matse hannun tsohuwar. "Ni da ke kusa da ita ina ji. Kai dai kurma ne."

Ta ɗaga murya ta ci gaba da rerawa da ƙarfin mutum biyu, har kare ya tashi ya bar ɗakin.