Kifi a Cikin Katako

Tas! Bakin zarton ya karye, siririn ƙarfen ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Munzali ya kashe injin da sauri. Na uku ke nan da ya karya cikin mako guda.

"Baba, wallahi ban danna ba, shi ɗai yak karye..."

Ya juya. Baba Folorunsho ba ya kan kujerarsa. Yana ƙasa kwance cikin garin katako, hularsa ta gangara, fensir yana nan maƙale a yatsunsa.

"Baba! Baba!"

Munzali ya yunƙura zai tashi, sai shagon ya juya da shi. Kansa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun shinkafa. A lokacin ne ya ji abin da ya kamata ya ji tun ɗazu: janareta yana ta gurnani a bayan ƙofa, a cikin shago, ƙofar kuma a rufe ruf.

Munzali da kansa ne ya shigo da shi. Wata biyar ke nan tun da hatsari ya raba shi da kabu-kabu, ya bar shi da ɗingishi, maƙwabcinsa Baba, dattijo ɗan Ogbomosho, wanda ya shekara arba'in a unguwar Nasarawa, ya ce ya zo ya koyi sana'a. Aikin kuwa mai ban mamaki ne. A manna zanen kifi a gefe ɗaya na ɗan gungumen katako, a manna wani a gefen da ke kusa. A yanka na farko, a mayar da gutsattsarin a ɗaure da salatif, a juya, a yanka na biyu. In an kwance, sai kifi ya faɗo daga ciki da cikinsa da jelarsa. Masu sayar da kayan tsaraba a Argungu ba sa gajiya da su. Yau ne karon farko da Baba ya bar shi ya yi yanka na biyu shi kaɗai. Yana shirin farawa ruwa ya kece da iska. Baba ya ce a kashe janareta a jira, ya jingina ya fara gyangyaɗi. Munzali ya kasa jira. Ya jawo janareta ciki, ya tura ƙofa don iska ta daina kwashe takardun zane.

Ya bankaɗe ƙofar. Ruwa ya watso masa a fuska. Ya sunkuya zai kama Baba, sai ya tsaya. Ya dubi janareta. Ya kashe shi, ya ja shi waje, ya tura ƙarƙashin rumfa inda yake zama kullum, har ya gyara zaman wayar. Sannan ya dawo ya rungumo tsohon, ya fito yana ihu.

"Jama'a! Ku taimaka! Mama Dupe!"

Matar Baba ta fito ba takalmi, ba ɗankwali. "Mi yaf faru? Munzali, mi yaf faru da shi?"

"Faɗuwa yay yi, Mama."

Tamba mai keke napep ya kai su asibiti cikin ruwan. Munzali yana riƙe da kan Baba a cinyarsa. Sau ɗaya tsohon ya buɗe ido, ya dube shi, leɓɓansa suka motsa. Munzali ya kau da kai.

Likita ta fito bayan kamar rabin awa. Ta tambayi Mama Dupe ko yana da hawan jini. Mama Dupe ta ce shekara tara yana shan magani, in ya ga dama. Likitar ta gyaɗa kai, ta ce su yi haƙuri. Ba wanda ya tambayi Munzali komai.

Kafin magariba an kai Baba makwancinsa. A hanyar dawowa daga maƙabarta mutane suka riƙa dafa kafaɗar Munzali.

"Allah shi biya ka. Da ƙafar ga taka kaɗ ɗauko shi cikin ruwa!"

"Maƙwabci ke nan na ƙwarai."

Kowace kalma sai ya ji ta kamar ƙusa. Yana isa gida ya durƙusa bakin rariya ya yi amai. Matarsa Baiwa ta tsaya a kansa da buta.

"Kai ma kanka na ciwo tun rana. Mi kunka ci a shago?"

"Ba mu ci komi ba."

"To mi kunka shaƙa?"

"Baiwa, ki ƙyale ni!"

Ta ajiye butar a hankali, ta koma ɗaki.

Kwana biyu bai leƙa shagon ba. In zai tafi masallaci sai ya zagaya ta bayan layi. Yana ta lissafi a ransa, numfashi nawa mutum yake yi kafin a ja janareta daga bayan ƙofa zuwa rumfa? Goma? Ashirin?

Ranar sadakar uku da hantsi, bayan mutane sun watse, Mama Dupe ta aiko a kira shi. Ya same ta zaune cikin shagon a kan kujerar Baba, gungumen nan a hannunta, ɗaure da salatif, yankan ya tsaya a tsakiya.

"Da safen ranar ya ce mini, yau Munzali zai fidda kifi nai na fari. Har dariya yake, wai ka cinye mishi bakin zarto kamar goro." Ta miƙa masa. "An kawo wuta. Ƙarasa in gani."

"Mama, hannuna ba ya..."

"Zauna, ɗana."

Ya zauna. Ya sa sabon baki, ya ɗaure shi, ya taɓa da yatsa ya ji ya yi ƙara kamar tsirkiya, yadda aka koya masa. Ya kunna. Injin ya fara ɓari. Kar ka tura, in ji Baba kullum, bar shi ya ci da kansa. Ya bi layin a hankali, ya juya a wajen jela, numfashinsa a riƙe, har bakin ya fito ta ɗaya gefen. Ya ɓare salatif. Gutsattsarin suka zube ɗaya bayan ɗaya, sai ga giwan ruwa a tafin hannunsa, ƙarami, jelarsa ta ɗan karkace.

Mama Dupe ta karɓa, ta share masa gari da bakin zanenta. Hawaye suka zubo mata.

"Injin ga naka na yanzu. Shi ma haka zai so."

Munzali ya zame daga kujera ya durƙusa. "Mama, akwai maganar da ban faɗi ba. Ranar nan, da ruwa yat taso..."

Mota ta tsaya a ƙofa. Wani dogon mutum ya fito da jaka a kafaɗa, idanunsa jajir. Munzali bai taɓa ganinsa ba, amma goshin na Baba ne.

"Segun!" Mama Dupe ta miƙe. "Ɗana na, na Fatakwal."

Ya rungume uwarsa ya daɗe. Sannan ya shigo shagon yana duba komai a hankali, kujera, fensir, takardun zane. A bayan ƙofa ya tsaya. Can ƙasa a jikin farin bango akwai wani baƙin tabo, zagayayye, daidai tsayin salansar janareta. Ya tsuguna ya goga da yatsa. Ya leƙa waje ya dubi janareta a ƙarƙashin rumfa.

"Mama, wa ke tare da shi ranar?"

"Ga ya nan. Munzali na, shi yaɗ ɗauko shi."

Segun bai miƙo hannu ba. Yana nan tsugune, yana murza baƙin tsakanin yatsunsa biyu. A kan teburin injin, garin katako yana ta sauka a hankali cikin hasken ƙofa.