Abin da Goshi Ta Haɗiye

Duk Kafinsoli an san Goshi na da ciki. Karsana ce ja mai farin tabo a tsakar goshi, kuma ta Salma ce halak malak, don kakarta ce ta damƙa mata igiyarta tun tana 'yar maraƙa, kafin tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya. Sunan wannan kaka Salma ta ci, shi ya sa mahaifinta Malam Sada ba ya iya kama sunan da bakinsa, sai dai ya ce Uwata.

Tun lokacin kaka cikin yake tasowa. Mata in sun leƙo gidan sai su tsaya su riƙe haɓa, wata ta ce namiji ne, wata ta rantse tagwaye ne, ko da yake ba wadda ta taɓa ganin saniya ta haifi biyu a garin. Salma kuwa har ta zaɓa wa ɗan suna ta ɓoye a ranta. Abin da ba wanda ya so ya faɗa shi ne, cikin yana gaba, saniyar tana baya. Da bazara ta kama, ciyawa ta ƙare, aka saki dabbobi suna kiwon kansu a bayan gari, sai haƙarƙarin Goshi ya fito ana iya ƙirga shi daga ƙofar gida. Ta ƙi dusa, ta ƙi harawa. Daga baya ta daina tuƙa, saniyar da ta daina tuƙa kuwa ko yaro ya san ta kama hanya.

A makarantar su Salma akwai wata Malama Kubura, gajeriya mai saurin tafiya, wadda ta tsani leda kamar ta kashe mata wani. Ita ta haɗa yara, duk Alhamis in an tashi su ɗauki buhuna su bi lungu da kwata da bakin kasuwa suna tsinta. Mutanen gari sun sami abin dariya. Malam Sada da kansa ya ce boko ya ƙare an koma bola. To, ina laifinsu? Leda ta daɗe da zama 'yar gari, tana kan ƙaya, tana cikin takin da ake kaiwa gona, har ido ya daina ganinta. Salma ba ta cikin masu tsintar. In an tashi, sai ta tsaya wajen Mairama mai awara a bakin makaranta, ta ci, ta rage guda ɗaya, ta ƙulle bakin ledar ƙulli biyu kada yaji ya zube, ta ruga gida wajen Goshi.

Wata Alhamis da safe Goshi ta kwanta ta ƙi tashi. Malam Sada ya zagaya ta, ya ɗaga fatar idonta, sannan ya aika a kira Ummaru mahauci.

“Baba, ɗan cikinta fa?” in ji Salma.

“Uwata, haƙuri za ki yi. In munka bari ta mutu da kanta ta zama mushe, ba ita, ba ɗan, ba nama. Gara a sa mata wuƙa tana da sauran numfashi.”

Ba mugunta ba ce, haka ake yi, kuma Salma ta sani. Amma ƙafafunta ba su tsaya jin hujja ba. Da gudu ta isa makaranta, ta faɗa ajin Malama Kubura tana kuka, magana na fita guntu-guntu. Malama ta saurara, ta yi tambaya ɗaya tak, ko saniyar na tuƙa. Da ta ji a'a, sai ta ɗauki waya ta kira Okon, malamin dabbobi na Kankia, mutumin kudu da ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari tsami. Ta kama hannun Salma suka fita, yaran ajin kuma suka bi su duu, har da buhunansu, don ba wanda ya ce su zauna.

Sun tarar Ummaru na wasa wuƙa a dutsen ƙofar gida. Malama ta durƙusa ta gaida Malam Sada, ta roƙi a ɗan dakata, har ƙarar babur ta shigo lungun. Okon ya sauka da jakarsa, ya yi sallama, ya tsuguna a gefen hagu na saniyar. Ya dunƙule hannu ya danna cikin. Da ya janye, gurbin hannun ya zauna a wurin bai taso ba.

“Malam, ba ɗa ba ne ya kumbura ta,” in ji shi. “Ba ta da ciki sam. Ka bar ni in buɗe in fitar da abin da ke nan.”

“Ka buɗe ta da ranta? In ta mutu hannunka fa, likita, mi zan ce? Na yi asara biyu ke nan.”

“Ga mai wuƙa nan. Ya tsaya kusa da wuyanta. In na ga za ta tafi, ni da bakina zan ce ya yanka.”

Malam Sada ya dubi 'yarsa. Idanunta suna roƙo, kuma idanun mahaifiyarsa ne sak. Ya kawar da kai ya ce a yi.

Maza suka sa igiya da itace suka tsayar da Goshi a gindin dalbejiya. Salma ta rungume kanta, Ummaru na tsaye daf da ita da wuƙa a hannu, tana jin ƙarnin man da ke jikin rigarsa. Okon ya aske gashin kwiɓin, ya wanke, ya yi allurai a jere, ya jira kaɗan, sannan ya tsaga. Yara suka runtse ido suna jiran kukan saniya. Shiru. Goshi na tsaye, har tana kaɗa kunne tana korar ƙuda, alhali mutum ya zura hannu cikin cikinta har kafaɗa. Wani tsoho a bayan taro ya ce, “Ikon Allah!” Kowa bakinsa a buɗe.

Sai Okon ya fara ja.

Abin da ya fara fitowa baƙi ne, murɗaɗɗe kamar igiyar rijiya, yana wari. Ya ja, ya ja, bai ƙare ba. Ya yanke ya jefa a ƙasa, ya sake zura hannu, ya sake jawo wani. Gumi ya jiƙa masa riga. Tarin da ke gefensa ya wuce idon sawu, ya kai ƙwauri, ya kusa gwiwa, kuma har yanzu hannun in ya shiga ba ya dawowa wayam. Masu wucewa suka tsaya, mata suka leƙo ta kan katanga, mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. Salma tana jin numfashin Goshi mai ɗumi a ƙirjinta, tana kallon cikin nan da ta yi wata da watanni tana shafawa tana yi masa magana yana sacewa a hankali. Tsoro ya kama ta, da wani irin mamaki da ba ta taɓa ji ba, yadda rai zai ɗauki wannan kaya duka ya kuma ci gaba da tsayuwa da ƙafa huɗu.

“Wannan shi ne ɗan da muke ta jira?” in ji Malam Sada, murya can ƙasa.

Malama Kubura ba ta yi wa kowa wa'azi ba, gani ya kori ji. Ta dai ce wa yaran su ɗebo ruwa a famfo. Suka zuba, suka tattaka, suka warware abin a filin ƙofar gida, sai ga garin Kafinsoli ya fito a kwance. Ga ledar fiya wata, ga baƙar ledar cefane, ga zaren buhun taki, ga igiyar silifa, ga ledar omo. Yara suka fara nunawa suna kiran suna, wannan ta mai tsire ce, waccan irin ta mai shago ce. Wata mata ta gane tsumman zaninta da ya ɓace a kan igiyar shanya, ta rufe baki da hannu.

Daga inda take tsaye Salma ta hango wasu ƙananan ledoji a cikin tarin, kowace da ƙulli biyu a baki. Ba ɗaya ba ce, ba kuma biyu ba. Kullum takan yaga gefen ledar ta miƙa awarar a ciki, Goshi ta naɗe da harshe, wani lokaci har ledar ta bi, ita kuma ta yi dariyar kwaɗayin saniyarta. Ta cusa fuskarta a wuyan Goshi ta yi kuka mai zafi marar sauti. Ummaru da ke kusa ya ga inda idonta ya tsaya, ya gane.

“Ɗiyata, ba ke kaɗai ba,” in ji shi. “Ni kullum na buɗe tumbi sai na iske abin ga. In ciro in jefar bayan mahauta, wata dabbar ta zo ta sake haɗiyewa. Ban taɓa tsayawa na duba ba sai yau.”

Okon ya ɗago ya ce tumbin ya wanku amma ya mutu, ba abin da zai narka abinci a ciki, sai an samo masa ɗanyar ciyawa daga tumbin dabba mai lafiya. Ummaru ya dubi wuƙarsa, ya mayar da ita kube, ya miƙa wa Malam Sada. Ya ari babur ɗin likita ya tafi mahauta, inda ya yanka bijimi da asuba, ya dawo da bokiti cike da abin da ko kare ba ya shinshinawa. Okon ya zuba shi a cikin Goshi, ya ɗinke ciki, ya ɗinke fata, ya wanke hannu.

“Nawa ya ƙare,” in ji shi. “Saura na Allah. In kun ga ta yi tuƙa, ta tsira. In ba ta yi ba, Malam, ka san inda wuƙa take.”

Wuƙar ta kwana a saman bangon zaure, ta sake kwana. Goshi takan sha ruwa, ta taɓa harawa da baki ta bari. Yaran sun kwashe tarin ledar sun rataye shi a bishiyar bakin makaranta, mutane har daga garin Ƙofa suna tsayawa kallo ranar kasuwa. Da Malama ta raba buhuna, Salma ta ɗauki nata ba tare da an kira sunanta ba, ta fara da lungunsu, ta bi duk hanyar da Goshi ke bi zuwa bayan gari. Kowace safiya kuma kafin a tafi makaranta yara sukan cika gidan, su yi tsaye su dubi bakin saniya, su fita jiki a sanyaye.

Ran nan da safe, Salma na tsugune da kwanon ruwa, sai ta ga wani dunƙule ya taso daga ƙirjin Goshi, ya bi dogon wuyanta a hankali yana hawa, har ya isa baki. Saniyar ta lumshe ido. Muƙamuƙinta ya karkata gefe, ya dawo, ya sake karkata.

Salma ta ajiye kwanon a hankali. Yaran da ke bakin ƙofa suka shigo a kan yatsu. Dukkansu 'ya'yan manoma ne, sun tashi suna ganin tuƙa tun ba su iya magana ba, amma suka tsaya cak suna kallo kamar yau aka halicci saniya. Malam Sada ya fito daga ɗaki, ya tsaya a bayan 'yarsa, ya cire hula ya shafa kai, leɓensa na motsi.

Iska ta koro wata baƙar leda ta ƙofar zaure, tana birgima zuwa turken. Kafin Salma ta miƙe, mahaifinta ya riga ya take ta da ƙafa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya dube ta kamar bai san inda ake kai irinta ba, sannan ya ce, “Uwata, ina buhun nan naki?”

Ta nuna masa da hannu, idonta bai bar bakin Goshi ba.