Kiran Sallah da Hantsi

A Tungar Marwa, can tsakanin Maradun da Bakura, kiran sallah iri biyu ne. Akwai na lokaci. Akwai kuma wanda gari ya yi shawara a kai tun da 'yan bindiga suka matsa: in aka ji ladan ya ɗaga murya ba a kan lokaci ba, mata da yara su bi ta bayan gari su shige cikin gambar bakin fadama, su kwanta, ko tari kada a yi. Da Malam Nasidi ladan aka yi shawarar nan, shi ma ya shafa fatiha.

To amma ka san hali zanen dutse. Mahaifin Nasidi shi ma ladan ne, kuma a zamaninsa in gobara ta tashi kiran sallah yake yi, maza su fito da bokiti da ɗanyen ganye. Da wannan Nasidi ya tashi.

Da hantsi abin ya faru, bayan an gama yankan dawa. Masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, iska ta ɗauko ta. Nasidi yana dakalin masallaci ya hango hayaƙi ya turnuƙe gabas. Kafin ya yi tunani ya riga ya damƙi lasifika ya kwaɗa kira. Sai da ya kai tsakiya ya ga mata suna sheƙa gudu da goyo, kuma ba rijiya suka nufa ba. Gamba suka nufa, busasshiya ƙayau, ta fi mutum tsawo. Cikinsu har da matarsa Husna, tana jan autarsu Rumaisa.

Innalillahi! Ya yi ta ihu a lasifika: "Ku dawo! Wuta ce! Wuta!"

Wuta? Ai mutanen nan in ka ce musu wuta, ta bindiga suke ji. Ga shi an hore su kada su amsa kiran kowa, don ɓarayin sukan ɗora wa mutum bindiga ya kira iyalinsa. Sai suka ƙara nutsawa ciki.

Mai gari ya buga wa ƙaramar hukuma waya. Jibrin, jami'in agajin gaggawa, ya taso da motar kashe gobara, amma hanyar nan ba a bin ta sai da rakiyar jami'an tsaro, sai azahar suka iso. Gaskiya bawan Allah ya yi iya yinsa. Ya sa maza suka share fili da fartanya tsakanin wuta da gidaje, aka feshe ruwan tanki tas, ya kwashi waɗanda suka ƙone da sauran numfashi, har da Husna, zuwa asibiti a Talata Mafara. Gari ya tsira, ko rumbu ɗaya bai kama ba. Amma wuta ta cinye gamba, sauran da aka fito da su daga cikinta kuwa, tabarmi aka lulluɓa musu. Da awarwaron hannunta Nasidi ya gane Rumaisa.

Babu wanda ya zarge shi. "Ƙaddara ce, Malam," kowa ke cewa, shi kuwa da ma wani ya mare shi da ya fi masa sauƙi.

Bayan sadakar uku Jibrin ya dawo da kayan agaji, masara da barguna. Ya durƙusa gaban Nasidi suka gaisa, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce, "Malam, iyalinka ta farfaɗo, tana nemanka. Mu tafi in kai ka."

Husna tana kwance an naɗe mata fuska da hannuwa, ido ɗaya kawai ke waje. Ba wanda ya gaya mata komai.

"Malam," ta ce da ƙyar, "hayaƙi ya raba ni da ɗiyata. Ɓarayin sun tahi da ita, ko? Kada ka ɓoye mini. In ɗauke ta suka yi ai da sauƙi, ko gona ce sai mu sayar mu amso ta."

Nasidi ya dafa ƙarfen gado. Ya sassauta muryar nan da ake ji har fadama, ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Babu ɓarayin da suka zo, Husna," ya ce. "Ni ne na yi kira."