Malam A-hankali da Jar Mota

Malam ya taka birki karo na huɗu tun fitowarsu daga filin sayar da motoci, alhali babu komai a gabansa sai titi fetal. Dillalin da ke zaune a gefensa ya yi gyaran murya.

"Malam, wannan fa motar gudu ce. Giyarta shida, mu kuma har yanzu muna ta biyu."

"Ina sane," in ji Malam. "A hankali."

Da wannan kalma aka san shi. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da tuƙi, yana zaune a kujerar gefe da nasa birkin na daban a ƙarƙashin ƙafa, har ɗalibai suka laƙaba masa Malam A-hankali, sunan kuwa ya bi shi har cikin gida. Shi kansa dillalin a hannunsa ya koya. Abin da babu ɗalibin da ya sani shi ne, duk tsawon shekarun nan akwai hoton wata gajeriyar jar mota a aljihun motar koyon, ƙarƙashin takardu. Makon jiya Malam ya rufe makarantar, ya sayar da tsohuwar motar, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa. Matarsa, wadda ke da gidan burodi, ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Yau kaɗai gare shi. In rana ta faɗi bai zaɓi mota ba, kuɗin sun zama na sabuwar tanda.

Da suka dawo filin sai suka tarar da matar Malam tsaye tsakanin sauran motoci biyun da ƙarfinsa zai iya, fara da baƙa, riƙe da babban farantin burodi da ta zo da shi takanas daga shago. Malam ya fito daga jar da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ya zaro takardar da yake ba ɗalibai maki, don shi bai san wata hanyar auna abu ba.

"To, me ka ba ta?" ta tambaya.

"Ban gama nazari ba tukuna, uwar yara."

"Ni na gama nawa." Ta daki bayan farar da tafin hannu. "Wannan ta ci faranti uku, ga kujerun baya in jikoki sun zo. Baƙar ta ci biyu. Taka jar kuwa, ko rabin farantin bai shiga ba. But ɗinta jakar hannuna ta fi shi."

Dillali ya yi dariya, ya ce gaskiya Mama ta faɗa. Tunda Malam ne, ya ajiye daɗin bakin sana'a ya yi musu bayani tsakani da Allah. Baƙar ita ce mafi araha a yau, kuma ta fi su ƙarfin inji, sai dai shan mai kamar ana bin ta da duka, taya ɗaya tata kuɗin biyu ne na sauran, kuma in abu ya lalace sai a yi wata ana jiran kayan gyara. Farar ba ta da rigima. Ita ke sa wa kanta giya, kowane bakanike ya san cikinta, inshorarta ma da sauƙi. Jar kuwa kujera biyu ce tak, babu nauyi, don haka ba ta cin mai ba ta cin taya.

"Amma ita ba a gane ta a tsaye," ya ce. "Sai a kwana. A nan take magana da mutum ta cikin sitiyari."

Malam ya duba takardarsa. Ya riga ya gwada duk ukun tun safe. Ya cike layin sarari, ya cike layin ɗawainiya. Layin daɗin tuƙi ne kawai fari fat, domin a gudun da ya yi da su, duk ukun ɗaya suke da tsohuwar motar koyo. Kowane lokaci ya yi niyyar taka totur, sai ƙafar ta zame da kanta ta koma kan birki. Shekara talatin da ɗaya yana horar da ita, yanzu ta ƙi jin maganarsa.

Ya ja matarsa gefe, ya rage murya don kada tsohon ɗalibi ya ji.

"Uwar yara, ki sayi tandarki. Na kasa. Ƙafar nan ba ta san komai ba sai tsayawa."

Ta dube shi. Ta zo ne da shirin yin gardama har yamma, kuma ga nasara ta faɗo mata a hannu, amma sai ta ji ba ta son ta. Tausayinsa ya kama ta. Ta san hoton nan na aljihun mota, ita ce ma ta liƙe shi da gam lokacin da ya yage.

Ta miƙa wa dillali farantin. "Riƙe min. Kawo makullin jar."

Malam ya buɗe baki. Ita ma ɗalibarsa ce, a motar koyo suka haɗu. Kullum da safe tana zagaya gari da motar burodi, amma shekara goma sha tara ke nan rabon da ta tuƙa shi. Ranar ƙarshe, tsakanin gida da asibiti ya gyara mata tuƙi sau ashirin da biyu, ta ƙirga, ta tsaya a tsakiyar hanya ta ba shi makulli ta hau tasi.

"Shiga," ta ce. "Amma ka ji ni da kyau. Ka ce min a hankali sau ɗaya, da ƙafa za ka dawo."

Ya zagaya ya zauna a kujerar gefe. Jikinsa ya san wurin nan da nan, bayansa ya sami mazauni. Ƙafarsa ta laluba ƙasa tana neman birki, ba ta sami komai ba sai shimfiɗa.

Ta ɗaura bel, ta gyara madubi, ta sa sigina, duk yadda ya koya mata. Suka fita zuwa hanyar bayan gari, inda babu cunkoso kuma gudu halal ne. Ta sa ta uku, ta sa ta huɗu. Injin ya canza murya, daga gunaguni ya koma wata irin waƙa. Malam ya danna ƙafa a ƙasa har yatsunsa suka yi zafi, ya cije leɓe, kalmar na kai-komo a maƙogwaronsa.

Sai ga kwana, doguwa, mai lanƙwasa zuwa hagu. Ta rage kaɗan kafin shiga, ta sauko giya ɗaya, ta juya sitiyari da ɗan motsin hannu. Motar ta kwanta ta bi kwanar kamar an zana mata layi. Malam ya ji komai ta cikin kujera: yadda tayoyin baya suka riƙe kwalta, yadda nauyi ya koma gefe ya dawo, yadda hancin motar ya miƙe tun kafin kwanar ta ƙare. Ashe duk shekarun nan da bayansa yake jin mota, ba da hannu ba. Da haka yake gane ɗalibi zai kashe inji tun kafin ya kashe.

Daɗi ya cika shi har ya ji kunya. Ya kalli matarsa, wadda tuni ta koma giya ta huɗu. Mayafinta ya zame, tana murmushin da ya daɗe bai gani ba, irin na ranar da ta karɓi lasin. Ƙafarsa ta saki ƙasa.

"Uwar yara."

"Na gargaɗe ka fa."

"Cewa zan yi akwai saura giya biyu."

Ta yi dariya har da buga sitiyari, ta sa ta biyar.

Sun gwada farar ma, don adalci, da baƙar. Farar ta kai su ta dawo da su lafiya, kamar kujerar falo mai taya. Baƙar ta yi ta fizga tana ruri, a kwana kuma ta yi nauyi. Malam ya cike layin ƙarshe daga kujerar gefe.

"Jar," ya ce wa dillali. Sannan ya juya wurin matarsa, don ya san abin da ya ɗauke mata. "Sai dai faranti ba ya shiga. Ga kuma maganar tanda."

"Burodi yana da motarsa," ta ce. "Tsohuwar tandar kuma za ta ƙara shekara, ba ta ce ta gaji ba."

Aka sa hannu a takardu. Dillali ya miƙo makulli da hannu biyu cikin girmamawa. Malam ya karɓa, ya jujjuya shi a tafinsa, ya ji nauyinsa. Sai ya ajiye shi a hannun matarsa, ya zagaya gefen da ya zauna shekara talatin da ɗaya, ya shiga, ya tura kujerar baya ya miƙe ƙafafu.

Dillali ya biyo su har bakin ƙofa da farantin da suka manta, yana kallon yadda Mama ke ɗumama inji.

"Mama, don Allah a hankali."

Malam ya sauke gilashi ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma wa ya koya maka wannan magana?"