A Ƙarƙashin Tifa Mara Taya

Batir ɗaya ne mai rai a filin nan kaf. Ɗaya tak, ga motoci kuwa har ido ya gaji: tifofi, tireloli marasa kai, katafilar da ciyawa ta tsiro a cikin sarƙarta, duk an jawo su nan bayan gari don a kwance su a sayar gunduwa-gunduwa. Masu iya tashi a cikinsu ba su da yawa, kuma da batir ɗin nan guda suke tashi. Tsohon injin dizal in ya kama ba ruwansa da batir, don haka duk wanda ya tayar da tasa sai ya kwance shi ya sungume shi zuwa ta gaba. Haka marigayi mai filin ya yi har ya koma ga Allah, haka 'ya'yansa suka gada, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin ganganci.

Babbar 'yarsa ce ke riƙe da wurin yanzu. Kowa Yaya yake ce mata, har direban janwe, motar da ke jawo matattun motoci, wanda ya girme ta. Ba ta iya kwance inji ba, amma ta san halin kowace mota: wadda ke son a tura, wadda ke tari da safe, wadda ba a yarda da birkinta. Kwancewa aikin ƙaninta ne, Auta. Mutum da sanƙonsa da 'ya'yansa, amma har gobe Auta ne, kuma har gobe bakinsa ba ya hutawa da tsokana.

Ran nan giyabos ɗin wata tifa ake so. Tifar tuni an sayar da tayoyinta, tana kwance da cikinta a ƙasa. Auta ya kawo motar ɗaga kaya, wadda suke kira Mai Ƙaho saboda ƙarafan nan biyu da ke gabanta, ya zura su ƙarƙashin goshin tifar, ya ɗaga ta sama yadda mutum zai iya shiga. Ita kuwa Mai Ƙaho tana da ciwonta da kowa ya sani: tana yoyon mai, in ta ɗaga kaya ba ta iya riƙewa, a hankali take sakinsa. Maganin abin a wurinsu mai sauƙi ne. A bar injin yana aiki, wani ya zauna a kujera, lokaci-lokaci ya ja liba kayan ya koma sama.

"Ka tokare ta da katako tukuna," in ji Yaya.

"Haba Yaya, kafin in jawo katako ai na gama. Ke dai hau kujerar mulki ki riƙa ja. In kika yi gyangyaɗi ma kin huta da rabon gado."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," ta ce, amma ta hau. Shi kuma ya kwanta rigingine ya sulale ƙarƙashin tifar yana fito.

Ba a jima ba direban janwe ya zo yana ɗaga murya saboda ƙarar inji, wai an kira shi, wata tirela ta faɗa rami can bayan gada. Yaya ta yi masa alama da hannu ya je. Ya buɗe gefen Mai Ƙaho, ya kwance batir, ya rungume shi ya tafi. Ta ga fitar janwen ta ƙofar fili, ko a jikinta. Me za ta ji? Abin da ake yi kullum ne.

Tana nan tana ja tana saki, hankalinta ya tafi kan wani mai son sayen ƙofar tirela, sai ta ji wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin tifar, ƙaf! Sai ihu. Ba muryar tsokanar Auta ba ce, wata murya ce da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Yana faɗin wani abu, injin ya hana ta ji. A filin nan kuwa doka ce tun suna yara: in mutum ya yi ihu, a kashe inji a saurare shi. Marigayi ya sha jan kunnuwansu a kan haka. Hannunta bai yi shawara da ita ba, ya kai ga wayar kashe inji ya fizge.

Wurin ya yi tsit.

"Hannuna! Yaya, hannuna! Ki ɗaga!"

Ta ja liba. Ba komai. Ta sake ja. Sannan idonta ya sauka kan gurbin batir, fanko, ga wayoyi biyu suna lilo. A cikin shirun nan ta ji wata siririyar ƙara daga gaban Mai Ƙaho, ssss, ƙarar man da ke zurarewa. Ta sha jin ta, amma ba ta taɓa jin ta da mutum a ƙarƙashi ba.

Ba ta san yadda ta diro ba. Ta durƙusa ta leƙa. Giyabos ɗin ne ya zame daga mazauninsa, ya danne hannun daman Auta a jikin wani ƙarfe da ya gitta shasin tifar. Ƙaton abin yana rataye daidai saman ƙirjinsa. Tifar ba ta da taya, ba abin da zai tare ta sai ƙasa, kuma tsakaninta da ƙasa Auta ne.

"Me ya sa ta mutu?" ya ce, yana haki.

"Yi shiru. Kada ka motsa."

Ta fita da gudu tana ƙwala kira. Mutum ɗaya ya rage a filin, Kawu mai walda, abokin marigayi, wanda shekarun buga guduma suka cinye masa kunne. Sai da ta je ta girgiza kafaɗarsa a rumfarsa. Ya ga fuskarta bai tambayi komai ba, ya biyo ta. A hanya ta buga wa direban janwe waya. Ya ce ya riga ya haye gada, amma ga shi nan ya juyo. Ta san nisan gadar. Ta kuma san Mai Ƙaho, ba ta taɓa riƙe kaya tsawon haka ba. Gidan da ya fi kusa da su kuwa sai an ratsa gonaki.

Suka jawo katakon da tun farko ya kamata a sa. Suka tsayar da shi ƙarƙashin shasin. Tifar ta sauko ta zauna a kai, Yaya har ta fara cewa alhamdulillahi, sai katakon ya yi kuka ya tsage gida biyu. Gara ta cinye cikinsa ba wanda ya sani. Tifar ta yi wani ɗan gangarowa lokaci guda, Auta ya yi salati.

Suka gangaro da rim ɗin taya. Wayyo, abin takaici! Ɗaya ya yi gajere, biyu kuma in an ɗora sun fi ratar da ta rage. Suka tura ɗaya-ɗaya haka nan ta kowane gefe, ko ba komai. Kawu ya kawo jak, ya kafa, ya fara bugawa. An yi ruwa kwanan baya, ƙasar kuma ta sha baƙin mai shekara da shekaru, ta yi laushi kamar kwaɓaɓɓen gari. Maimakon tifa ta hau, jak ɗin ne ya riƙa nutsewa.

Yaya ta sake leƙawa. Ɗazu tana ganin haske tsakanin giyabos da rigar Auta. Yanzu da ƙyar tafin hannu zai shiga. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba.

"Yaya," in ji shi, a hankali yanzu. "Yaran nan. Ƙaramar ba ta barci sai an bar mata fitila. Uwarsu ta sani, amma ki..."

"Wallahi in ka ƙara wata magana irin wannan sai na mare ka!" Kuka take yi tana faɗa.

Kawu ya taɓa ta. Da ƙarfi yake magana, kamar kowane mai nauyin kunne. "'Yar nan, ba za mu iya tare ta ba. Shi za mu cire. Zan yanka ƙarfen da ya riƙe hannun."

"Da wuta? Kawu, ƙasan nan duk mai ne!"

"Na gani. Ƙarfen kuma zai yi zafi har hannunsa. Sai wani ya shiga ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana zuba ruwa. Ni hannuwana biyu ne."

Ya tafi jawo tukwanen gas ɗinsa. Yaya ta tsaya tana kallon ramin nan mai duhu. Ita da ko ƙarƙashin gado ba ta iya leƙawa ba tare da numfashinta ya sarƙe ba! Duk shekarun nan da take juya filin, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin mota ba, kuma Auta ya sha yi mata dariya a kai. Ta ɗebo ruwa a bokiti daga durom, ta tsoma buhu, ta ɗaure ɗankwalinta tamau. Ta kwanta rub da ciki a cikin caɓi ta ja jiki.

A ciki warin mai da tsatsa ne, da ƙarar nan, ssss, kusa da kunne. Ƙarfe ya taɓa bayanta, ta ji sanyinsa ta cikin riga, ta kusa yin baya da gudu. Ta cije ta ƙara matsawa har kanta ya kai kafaɗar Auta.

"Ke fita," ya ce. "Kada a rasa mu duka biyu."

"Rufe min baki."

Ta lulluɓe masa fuska da ƙirji da hannu da buhun. Kawu ya zuro jikinsa ta ɗaya gefen, ya kunna wuta. Tartsatsi ya fara zuba. Yana sauka a wuyanta, a hannunta, tana jin ƙaurin rigarta. Inda ya taɓa ƙasa sai wata 'yar shuɗiyar wuta ta tashi, ta doke ta da tafin hannu, ta watsa ruwa, wata ta tashi can. Ƙarfen ya fara ja. Buhun ya fara tururi. Auta ya daure iyakar daurewa, sannan ya saki ihu, ya riƙa buga dugadugansa a ƙasa. Ta danne shi da kafaɗarta tana zuba ruwa, tana kiran duk sunan Allah da ya zo bakinta.

"Kawu, yi sauri!"

Ina, bai ma ji ta ba. Idonsa na kan wutarsa, hannunsa ko rawa ba ya yi. Tifar ta ƙara saukowa. Yanzu giyabos ya zauna a kan ƙirjin Auta, ihun ya tsaya, numfashinsa ya koma guntu-guntu. Wannan shirun ya fi ihun tayar mata da hankali. Shasin ya danne ta ita ma, ba ta iya ɗaga kai. Ruwan bokitin ya ƙare.

Sai ƙarfen ya yi ƙara ya rabu. Kawu ya jefar da wutar waje, ya soka wani dogon ƙarfe a tsagar, ya danna da dukan nauyinsa na tsoho.

"Ja shi!"

Ta yi baya da ciki, ta damƙi ɗamararsa ta ja. Bai motso ba. Ta fita gaba ɗaya, ta kama ƙafafunsa biyu, ta tokare diddigenta a jikin rim, ta ja da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Riga ta kece, wani abu kuma da ba riga ba ya yi ƙara, Auta ya sulluɓo waje suka zube tare. Kawu ya mirgino ta nasa gefen.

Suna kwance a wurin suka ga tifar ta gama saukowa. Ba ta faɗo ba, a hankali ta zauna, ta danna rim ɗin nan biyu cikin laka, giyabos ya nutse daidai inda bayan Auta ya bar shaida.

Yana numfashi. Yaya ta kara kunnenta a ƙirjinsa ta tabbatar, ta sake tabbatarwa. Sannan ta kalli hannun. Kallo ɗaya ta yi masa, ta cire ɗankwalinta ta naɗe shi, ta ɗaure sama da gwiwar hannu, ta ɗora masa a ciki. Kawu ma ya gani, ya kau da kai.

Ga motoci ko'ina, ba wadda za ta kai shi asibiti. Kawu ya jawo baron da suke kwasar ƙananan ƙarafa, suka kinkimi Auta suka sa a ciki, ƙafafunsa na reto. Yaya ta kama hannuwan baron ta nufi ƙofa, ko za su gamu da janwe a hanya. Tayar baron na kuka, tsohon na biye da su yana haki.

Sun wuce gonar farko Auta ya buɗe ido. Ya dube ta daga ƙasa, fuskarta duk baƙin mai da ƙuna, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ashe kina shiga ƙarƙashin mota."

"Yi shiru, ka adana ƙarfinka."

Ya mayar da ido ya rufe. Sannan ya ɗan ɗaga kai yana son ganin ƙunshin da ke kan cikinsa, wuyan ya kasa.

"Yaya, ba na jin yatsuna. Kin duba? Suna nan?"

"Suna nan," ta ce, ta ƙara sauri.